Gurbi Ɗaya a Kowane Layi: Abin da Ƙididdiga Ke Iya Yi wa Rikicin Fakin da Cunkoson Birni

Ka lura da motar da ke gabanka a tsakiyar birni da rana tsaka. Ba lalacewa ta yi ba, ba kuma danja ce ta tsayar da ita ba, amma tafiya take kamar mai neman allurar da ta faɗi. Direban ya leƙa dama, ya leƙa hagu. Ya taka birki da ya hango wata mata ta nufi motarta da makulli a hannu, ashe jaka kawai ta zo ɗauka. Ya ƙara gaba, ya sha kwana, bayan minti uku sai ga shi ya sake ɓullowa ta layin da ya bari. Wannan mutumin ya riga ya iso inda za shi. Tafiyarsa ta ƙare, inda zai ajiye motar ne kawai ya rage. Amma ga titi, har yanzu mota ce mai cin hanya, kuma duk wanda ke bayansa, har da bas mai ɗauke da mutum hamsin, dole ya bi takunsa.

In aka tambaye shi, zai ce wurin fakin ne ya yi kaɗan, a gina ƙari. Yawancinmu haka za mu ce. Sai dai garuruwan da suka zauna suka ƙirga sun sha gano wani abu dabam: a daidai lokacin da wannan layin ya cika maƙil, layi na uku daga nan rabinsa fayau yake, benen ajiye motoci da ke bayan kwana kuwa hawa biyu na samansa ko mota goma babu. Gurabe suna nan, rabonsu ne ya karkace, ta fuskar wuri da ta fuskar lokaci. A nan ne nazarin alƙaluma yake da amfani, kuma a nan ne ake yawan yi masa gurguwar fahimta. Ƙididdiga ba ta haifar da gurbi ko ɗaya. Aikinta ta nuna inda matsi yake da sa'ar da yake zuwa, kuma ba ta tsinana komai sai an ɗaura ta da wata ƙa'ida da hukumar gari ta yarda za ta bi.

Bari mu fara da girman ɓarnar. Marigayi Donald Shoup, farfesan tsara birane a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, ya tura ɗalibansa wata ƙaramar unguwar kasuwanci kusa da jami'ar, mai suna Westwood Village, mai gurabe 470 na biyan kuɗi a bakin titi. Suka tarar cewa matsakaicin lokacin da direba ke ɓatawa yana zagaye kafin ya samu gurbi minti 3.3 ne. Minti uku da 'yan daƙiƙu, wa zai tsaya kuka a kansu? To amma motoci kusan 8,000 ne ke fakin a wurin kullum. Da aka tara zagayen nan na shekara guda, sai ya kai mil 950,000, wato sama da kilomita miliyan ɗaya da rabi, a unguwa ɗaya tak, tafiyar da ba ta kai kowa ko'ina ba. Mai ya ƙone, hayaƙi ya tashi, masu tafiya a ƙasa sun yi ta kaucewa motocin da idon direbobinsu ke kan gefen titi maimakon kan hanya. Da ba a tara lissafin ba, ba mai ganin wannan asarar, domin kowane direba nasa minti ukun kawai ya sani.

Akwai wani adadi da ya karaɗe duniya, cewa kashi 30 cikin 100 na motocin da ke tsakiyar birni wurin fakin suke nema. Kamfanonin da ke sayar da na'urori suna son wannan adadin ƙwarai. Ya kamata a san asalinsa. Shoup ne ya tattara tsofaffin bincike da aka yi tsakanin 1927 da 2001 a garuruwa daban-daban, sakamakonsu ya kama daga kashi 8 har zuwa kashi 74, sai ya fitar da matsakaici. Kuma an yi binciken ne a titunan da dama an san suna fama da matsalar. Daga baya wasu masana suka bi sawun tafiye-tafiye ta na'urar GPS a birnin San Faransisko na Amurka, suka ga in aka ɗauki gari gaba ɗaya, zagayen neman fakin bai kai ko kusa da haka ba. Ba ƙarya kowa ya yi ba. Matsalar tana da tsanani, amma a dunƙule take a wasu layuka, a wasu sa'o'i. Garin da ya ari kashi 30 daga bakin wani ya gina shiri a kai, ya fara aikin ƙididdiga da ƙin yin ƙididdiga ke nan. Nasa layukan zai auna.

Me ake aunawa? Abu uku ne ginshiƙi: yawan guraben da suka cika a kowace sa'a, tsawon zaman kowace mota, da yawan motocin da gurbi ɗaya ke karɓa a yini. Na biyu da na uku su ne mutane ke mantawa, alhali nan asirin yake. Ɗauki layi mai gurabe 20 a gaban shaguna. In ma'aikatan ofisoshin da ke kusa suka riga kowa zuwa da safe, kowa ya ajiye motarsa awa takwas, layin ya yi wa mota 20 hidima a yinin nan, shi ke nan. In kuwa kowace mota minti 40 take yi ta tashi, gurbi ɗaya zai karɓi mota 12 a cikin awa takwas ɗin, layin kuma ya karɓi mota 240. Ba a ƙara ko taku ɗaya na kwalta ba. Wanda ya tsaya daga nesa ya ɗauki hoto zai ga layukan biyu a cike, ya ce matsalarsu ɗaya. Ba ɗaya ba ce. Na farko ma'ajiya ce, na biyu kasuwa ce mai ci. Wannan matsalar ce ma ta haifi mitar fakin ta farko a duniya, wato na'urar da ake zuba wa kuɗin fakin a bakin titi, wadda aka kafa a birnin Oklahoma na Amurka a watan Yulin 1935, bayan 'yan kasuwa sun koka cewa masu wuni sun mamaye ƙofar shagunansu, masu sayayya sun rasa inda za su tsaya.

Sai tambaya ta gaba: cika nawa ake so? Ba a son layi ya zama fayau, don filin tsakiyar birni yana da tsada, barinsa ba kowa asara ce. Ba a kuma son ya cika maƙil. Adadin da masu wannan fanni suka fi kafa hujja da shi shi ne kusan kashi 85 cikin 100, wato a layi mai gurabe bakwai ko takwas, ɗaya ya kasance a buɗe. Dalilin lissafi ne mai sauƙi, kuma ina ganin duk wanda ya fahimce shi ya fahimci rabin zancen. Mu ƙaddara guraben da ba kowa a warwatse suke. In cikar kashi 85 ce, direba zai wuce gurabe kamar bakwai kafin ya dace. In ta kai kashi 95, sai ya wuce 20. In ta kai kashi 99, sai ya wuce 100. Duba da kyau: daga 85 zuwa 99, motocin da aka ƙara ajiyewa kaɗan ne, amma wahalar nema ta ninka sau goma sha huɗu. Zagayen ba a hankali yake ƙaruwa ba, a ƙarshe-ƙarshen nan yake tashi gaba ɗaya. Shi ya sa ba sai an kori rabin motoci ba. In mota ɗaya ko biyu cikin kowace goma ta matsa layin baya, ko ta shiga bene, ko mai ita ya zo bayan awa ɗaya, zagayen ya mutu.

Wannan ne kuma ya sa matsakaicin lissafi yake yaudara. Rahoto zai ce cikar unguwa kashi 70 ce, kowa ya saki jiki. Alhali layi ɗaya kashi 100 ne, maƙwabcinsa kashi 40. Ko kuwa layin yana cike daga sha biyun rana zuwa ƙarfe biyu, sauran yinin iska ke kaɗawa. Direba ba ya fakin a matsakaici, a wani layi yake fakin, a wata sa'a. Tambayar da ta dace ita ce: sa'o'i nawa a mako wannan layin yake kasancewa ba gurbi ko ɗaya?

Hanyoyin samo amsar suna da yawa, kowace da makantarta. Akwai 'yar na'ura mai kamar faifai da ake binnewa a kwalta a tsakiyar gurbi, tana jin sauyin maganaɗisu idan ƙarfen mota ya tsaya a kanta, ta aika saƙo ba tare da waya ba. Tana ba da labari nan take, amma tana da tsada, batirinta na ƙarewa, in aka zo gyaran titi kuma a kankare ta tare da tsohuwar kwalta. Akwai bayanan biyan kuɗi daga mita ko manhajar waya, waɗanda kusan kyauta ne tunda dama ana tara su. Sai dai wanda ya biya kawai suke gani. Wanda ya ajiye mota bai biya ba, a wurinsu babu shi, wanda ya biya awa biyu ya tashi bayan rabin awa kuma yana nan zaune. Akwai kyamara, ko a kan turken fitila ko a kan motar sintiri mai karanta lambar mota, irin waɗanda birnin Amstadam na ƙasar Holan ke amfani da su. Akwai kuma sawun wayoyin hannu: tun 2017 taswirar Google ta fara nuna wahalar fakin a wasu biranen Amurka, ba don ta binne na'ura a ko'ina ba, sai don kwamfuta ta koyi gane alamar mai zagaye, wato wayar da ta iso wuri amma ta ci gaba da kewaya shi.

Kada kuma a raina tsohuwar hanya. Mutum ya ɗauki allo da biro, ya bi layi kowace awa, ya rubuta gurabe nawa ne a cike, ya rubuta haruffan ƙarshe na lambar kowace mota don a gane wadda ta daɗe. Ƙarfe tara ya ga farar mota a gurbi na huɗu, ƙarfe sha ɗaya tana nan, ƙarfe uku tana nan, ganye ya taru a gilashinta. Wannan takardar ta faɗi abin da ake buƙata. Birnin Siyatil na Amurka ya shafe shekaru yana daidaita kuɗin fakin da irin wannan ƙirga ta hannu da ake yi shekara-shekara, da burin a samu gurbi ɗaya ko biyu a kowane layi. Garin da ba shi da kuɗin na'urori ba shi da uzurin zama cikin duhu.

To an tara alƙaluman, sai a yi me da su? Abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne a nuna wa direbobi. Allunan lantarki masu cewa bene kaza saura gurbi kaza sun daɗe, tun farkon shekarun 1970 aka fara su a birnin Aachen na Jamus, kuma ga benaye suna aiki, don gurabe ɗari ba sa ƙarewa kafin ka iso. A bakin titi kuwa labarin ya sha bamban. Gurbin da manhaja ta nuna maka a layi mai farin jini, kafin ka sha kwana biyu wani ya shige. In mutum biyar suka gani tare, an tura mota biyar wuri ɗaya. Ga kuma haɗarin direba yana tuƙi idonsa na kan waya. A 2014 har wata manhaja ta ɓullo a San Faransisko mai suna MonkeyParking, inda wanda zai tashi yake gwanjon gurbin da yake kai ga mai nema, sai da lauyan birnin ya taka mata birki, don titi ba na wanda ya riga zuwa ba ne balle ya sayar. Sanin inda gurbi yake ba ya magance rashin gurbi. Dole a taɓa abin da ke sa layin cika tun farko, wato farashi da iyakar lokaci.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1954 masanin tattalin arziki William Vickrey, wanda ya samu kyautar Nobel a 1996, ya ba da shawarar a bar kuɗin fakin ya riƙa hawa da sauka gwargwadon cikar layi. A zamaninsa ba na'urar da za ta iya. Gwaji mafi girma da aka yi wa shawarar shi ne shirin SFpark na San Faransisko, wanda ya fara a 2011 da tallafin kusan dala miliyan 20 daga gwamnatin tarayyar Amurka. Ya shafi gurabe kusan 7,000 na bakin titi da yawancin benayen ajiye motoci na hukumar birnin.

Abin da ya fi burge ni a shirin ba na'urorin ba ne, ƙa'idar ce. An rubuta ta a fili, kowa na iya karantawa. An raba yini gida uku: safe zuwa sha biyu, sha biyu zuwa uku, uku zuwa tashi. An ware ranakun aiki da na ƙarshen mako. Sai a duba kowane layi a kowane kashi na yinin. In cikarsa ta haura kashi 80, a ƙara senti 25 a kuɗin awa. In tana tsakanin 60 da 80, a bar shi yadda yake. In tana tsakanin 30 da 60, a rage senti 25. In ta gaza 30, a rage senti 50. A lokacin gwajin, farashi ba ya sauka ƙasa da senti 25, ba ya wuce dala 6 a awa, kuma ba a sauya shi fiye da sau ɗaya a wata, sai an sanar tukuna. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci. Ba a so mutum ya baro gida da sanin farashi ɗaya ya iso ya tarar da wani. So ake ya koya a hankali cewa layin nan da tsakar rana da tsada, na bayansa da araha, ya zaɓa da kansa. Ƙa'idar ta kuma cire farashi daga hannun siyasa: ba wani kansila ne ya ga dama ya ƙara ba, layin ne ya cika.

Da hukumar sufurin birnin ta fitar da sakamako a 2014, ta ce lokacin neman fakin a unguwannin gwaji ya ragu da kashi 43 cikin 100, kimanin minti biyar ke nan ga kowane direba. A unguwannin da aka ware don kwatantawa, inda ba a taɓa farashi ba, ragin kashi 13 ne. Ka ga amfanin ware wurin kwatantawa: ba don shi ba, da an ɗora wa shirin duk kashi 43 ɗin, har da abin da zai faru ko babu shi. Tarar da ake cin direbobi ta ragu. Abin da mutane ba su zata ba kuma, matsakaicin kuɗin awa a bakin titi sauka ya yi da senti 11, domin layukan da aka daɗe ana tsawwala wa kuɗi alhali ba kowa sun fi waɗanda suka cika yawa. Gaskiya ne masana masu zaman kansu sun yi saɓani kan yawan nasarar da za a jingina wa farashi kaɗai, don a lokaci guda an tsawaita iyakar lokacin zama, an kuma kawo mitoci masu karɓar katin banki. Amma birnin ya gamsu har ya faɗaɗa tsarin zuwa dukkan mitocinsa daga farkon 2018.

Na'urorin da shirin ya binne a gurabe don auna cika fa? Ba su kai ƙarshen labarin ba. Wayoyin da ke bi ta saman titi suna ba motocin haya lantarki sun riƙa rikita su, batir ya riƙa mutuwa kafin lokacin da aka yi tsammani, a ƙarshen 2013 aka kashe su. Sai injiniyoyi suka ɗauki bayanan shekarun da na'urorin suka yi aiki, suka gwama da bayanan biyan kuɗi na lokacin, suka fitar da lissafin da ke ƙiyasta cikar layi daga kuɗin da ya shiga mita kawai. Na'ura mai tsada ta koyar da mai araha, ta tafi, ƙa'idar ta ci gaba da aiki.

Akwai kuma layukan da aka yi ta ƙara wa kuɗi amma suka ƙi sakin gurbi. Da aka duba, sai aka ga da yawa daga motocin da ke wurin ba sa biyan komai. A dokar jihar Kalifoniya, mai katin naƙasa yana fakin kyauta a mita, ba iyakar lokaci. An yi dokar da kyakkyawar niyya, amma masu lafiya da yawa suna amfani da katin da ba nasu ba, su wuni a gurbi, wanda aka yi dokar dominsa kuma ya zo ya rasa wuri. Farashi ba ya motsa wanda ba ya biya. Tazarar da ke tsakanin abin da na'ura ta gani da abin da mita ta karɓa ita ce ta tona wannan, kuma maganinsa ba ya cikin kwamfuta, yana wurin masu yin doka da masu tabbatar da ita. Haka abin yake a ko'ina: inda ba a hukunta mai fakin ba bisa ƙa'ida ba, duk lissafin da aka yi a kan takarda zai tsaya.

Alaƙar fakin da cunkoso ta wuce zagaye. Idan bakin titi ya cika, motar kaya da ta zo sauke kaya ba ta da zaɓi sai ta tsaya a gefen wadda ta yi fakin, ta toshe hannu guda na hanya. Titi mai hannu biyu ya koma mai hannu ɗaya na minti goma, layin motoci ya miƙe har mahaɗar baya, ya hana waɗanda ba ruwansu da wannan titin wucewa. Garin da ya ɗora bayanan saurin bas a kan taswirar cikar layuka zai ga inda biyun suka haɗu, kuma sau da yawa maganin bai wuce a ware gurabe biyu na sauke kaya da safe ba. Sannan ga babban zance: mota tana shafe kusan kashi 95 cikin 100 na rayuwarta a ajiye, kuma kowace tafiya a gurbi take ƙarewa. Yawan gurabe da arharsu a tsakiyar birni su ke gaya wa mutum tun yana gida ko ya fito da mota ko ya hau bas. Garin da ya gina sabon bene mai gurabe dubu ya gayyato mota dubu su bi titunan da ke kaiwa can.

Irin wannan ƙa'ida ta a auna sannan a daidaita ita ce Singafo ke bi a kan hanyoyin kansu. Tun 1975 take karɓar kuɗin shiga tsakiyar birni, a 1998 ta mayar da shi na lantarki. Burinta motoci su riƙa gudun kilomita 20 zuwa 30 a awa a manyan titunan cikin gari, 45 zuwa 65 a manyan hanyoyi. Duk wata uku a duba: in gudu ya faɗi ƙasa da haka a ƙara kuɗi, in ya haura a rage. Landan ta bi sahu da nata salon a 2003, Stokhom kuma ta gwada a 2006, motocin da ke ƙetara iyakar tsakiyar birnin suka ragu da kusan kashi 20.

Yanzu ga ƙorafin da bai kamata a share ba: ashe ba mai kuɗi aka share wa hanya ba? Senti 25 ba komai ba ne ga wani, ga wani kuwa abin lissafi ne. Wannan gaskiya ce, kuma duk mai kare tsarin da ya ce ba haka ba bai yi adalci ba. Amma a duba ɗaya gefen. Fakin kyauta ma akwai mai biyansa: wanda ba shi da mota, yana zaune cikin bas ɗin da mai zagaye ya tare, yana shaƙar hayaƙin, harajinsa kuma na gyara kwaltar da wani ya ajiye mota a kai yini guda. A ganina hukuncin yana ga inda kuɗin ya tafi. Tsohuwar unguwar kasuwancin Pasadena a Kalifoniya ta kafa mitoci a 1993 bisa alƙawarin kuɗin zai tsaya a unguwar, a gyara hanyar masu tafiya a ƙasa, a sa fitilu, a yi shara, kuma 'yan kasuwar da suka fara adawa suka dawo suna goyon baya. Birnin Mekziko ya fara shirin ecoParq a 2012 da tanadin kashi 30 na kuɗin ya koma unguwannin da aka tara shi. Ya kamata kuma aunawar ta bi motocin da suka matsa. In sun koma sun cika layukan gidajen mutane da ke bayan kasuwa, ba a warware komai ba, an tura wa maƙwabci ne.

Sai batun sirri, wanda ake yawan ɗagawa sai an gama sayen kaya. Lambar mota da wuri da lokaci, in aka tara su na wata shida, sun isa a san inda mutum yake kwana, asibitin da yake zuwa, da gidan da yake ziyarta. Goge suna kaɗai ba ya wadatarwa. A 2014 hukumar tasi ta birnin Niyok ta saki bayanan tafiye-tafiye miliyan 173 bayan ta ɓoye lambobin motoci da na direbobi, ba a jima ba wani mai ilimin kwamfuta ya warware ɓoyon. Don daidaita farashi, hukuma ba ta buƙatar sanin motar wane ce a gurbi na huɗu. Ta san akwai mota, ta san tun yaushe, ya isa. Lambar wanda ya biya kuɗinsa bai kamata ta kwana a rumbun kowa ba, kuma wajibi ne a rubuta wannan a yarjejeniya kafin a ba kamfani kwangila, tare da sharaɗin cewa bayanan na gari ne, ba na kamfanin ba.

Akwai tambaya ɗaya da alƙaluma ba za su amsa ba, ko da an binne na'ura a kowane taku: bakin titin nan, na mene ne? Lissafi zai gaya maka farashin da zai bar gurbi ɗaya a buɗe cikin takwas. Ba zai gaya maka ko takwas ɗin sun fi dacewa da zama hanyar bas, ko ta keke, ko wurin sauke kaya, ko inuwar bishiya ba. Wannan shawarar mutanen gari ce. Amstadam, wadda ke cikin garuruwan da suka fi sanin motar da ke kowane gurbi nasu, ta yanke a 2019 cewa za ta cire gurabe sama da 11,000 daga titunanta zuwa ƙarshen 2025. Ba ta ƙwace izinin kowa ba. In mai izinin fakin ya tashi daga unguwa ko ya rabu da motarsa, sai a ƙi ba wani sabo a madadinsa, kimanin 1,500 a shekara, filin da ya samu kuma a mayar da shi wurin ajiye kekuna, ko a faɗaɗa hanyar masu tafiya a ƙasa, ko a dasa itatuwa.